Likita ya ce ƙibar Yayata na da hannu a ciwonta, wai da gaske kitse na jawo ciwon daji?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da ɓacin rai na shigo, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Babbar yayarmu shekarunta 56, al'ada ta ɗauke mata shekara biyar ke nan. Watannin baya sai ta fara ganin ɗan jini, ɗigo-ɗigo, yau ya zo gobe ya ɗauke. Ta ɓoye mana, wai kunya take ji a ce mai jikoki ta koma irin wannan. Sai da na kama ta tana wanke zane cikin dare, na tsare ta da tambaya, sannan ta faɗa. Muka je asibiti, aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama daga cikin mahaifa aka kai awo. Sakamako ya fito, ciwon daji ne.

Abin da ya tsaya min a wuya shi ne maganar likitan. Ya duba takarda, ya ɗago ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ce, "Hajiya, ai wannan jikin naki ma yana da hannu." Bai ƙara komai ba, ya sunkuya ya ci gaba da rubutu. Tun ranar Yaya ba ta cin abin kirki, kullum cewa take ita ta jawo wa kanta. Don Allah masu sani, gaskiya ya faɗa ko dai cin fuska ne kawai? Me ya haɗa kitse da ciwon daji?

Hajiya Babba:
Subhanallah. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni dai ban yarda ba. Yanzu duk abin da ya sami mai jiki sai a ce ƙiba. Ciwon gwiwa ƙiba, ciwon kai ƙiba, gobe ma in ƙafa ta gurɗe za a ce ƙiba.

Baba Mai Ritaya:
Hajiya kin faɗi abin da ke bakina. Mahaifiyata sai an ja kujera mai faɗi take zama, ta yi shekara 91 a duniya, ko ƙurji ba a taɓa yanka mata ba. Abokina kuwa da muka yi aiki tare, siriri kamar sillen kara, ciwon daji na hanji ne ya ɗauke shi bai kai 60 ba. To ina lissafin yake?

Sista Mai Jinya:
Maman Biyu, sannu. Allah Ya tashi kafaɗun Yaya. Zan raba maganar gida biyu, don kada ɓacin ran ya rufe miki abin da zai amfane ki.

Yadda likitan ya faɗa, bai kyauta ba. Wanda aka gaya wa yana da ciwon daji a wannan minti ƙafafunsa ma ba ɗaukarsa suke ba, ba lokacin ɗora masa laifi ba ne. Kuma babu likitan da zai iya duban mutum ɗaya ya rantse cewa ga abin da ya jawo masa ciwon.

Amma abin da ya faɗa yana da tushe, kuma a cikin duk nau'o'in ciwon daji babu wanda ya fi na cikin mahaifa alaƙa da ƙiba. Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira IARC, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta tara masana a 2016 suka bi bincike sama da 1,000. Suka ce akwai gamsasshiyar hujja cewa yawan kitse na ƙara haɗarin nau'i 13. Ga su kamar yadda na haddace: cikin mahaifa, mama bayan ɗaukewar al'ada, gidan ƙwan mace, babban hanji da dubura, ƙoda, hanta, madaciya, fankiriyas wato gaɓar da ke yin insulin, ƙasan bututun abinci, bakin tumbi na sama, tayirod wato gaɓar wuya da ke kumbura a yi maƙoƙo, wani ciwon daji na ɓargo da ake kira mayiloma, sai wani ƙari da ke fitowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. A 2002 biyar kacal suka lissafa, da hujjoji suka ƙaru aka ƙara takwas.

Auta:
Anti Sista, na mahaifa ba shi ne wanda ake yi wa 'yan mata allurar rigakafinsa ba? Ni na ɗauka ƙwayar cuta ce ke kawo shi.

Sista Mai Jinya:
Auta, nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Wanda kike nufi na bakin mahaifa ne, ƙwayar cutar HPV ke kawo kusan dukkansa, shi ake yi wa allura, kuma ba ya cikin goma sha ukun nan. Na Yaya a shimfiɗar cikin mahaifa yake, wadda ke kauri duk wata ta zube ta zama jinin al'ada. Maƙwabtan juna ne amma kowa da sanadinsa.

Malamin Lissafi:
Baba, da izininka zan taɓa maganarka. Allah Ya jiƙan Inna, Ya jiƙan abokinka. Amma mutum biyu ba sa rushe lissafin miliyoyi, kamar yadda tsoho ɗaya da ya sha taba har shekara 90 bai wanke taba ba. A 2014 mujallar The Lancet ta buga wani bincike da ya bi bayanan asibiti na mutum miliyan 5.24 a Birtaniya. Kafin shi, a 2003, an buga na Amurka da ya bi mutum sama da 900,000 tsawon shekara 16, aka ga mafi ƙiba a cikinsu yawan mutuwarsu ta ciwon daji ya ɗara na masu matsakaicin jiki da kashi 52 cikin 100 a maza, kashi 62 a mata.

Sai dai ni abin da nake so mu riƙe shi ne ma'anar "haɗari ya ninka". A ɗauka, misali kawai, cikin mata 100 masu matsakaicin jiki 2 ne za su kamu da wata cuta a rayuwarsu. In aka ce ƙiba ta ninka haɗarin, to cikin masu ƙiba 100 an sami 4 ke nan. Saura 96 lafiya lau, cikinsu har da Innar Baba. Su kuma biyun can na farko ba su da ƙiba amma sun kamu, cikinsu har da abokin Baba. Kowane labari gaskiya ne, lissafin ma gaskiya ne.

Baba Mai Ritaya:
Malam, ka iya bakinka. To amma har yanzu ba ku gaya min ta yaya ba. Kitse ai ajiya ce, kamar buhunan da aka jibge a ɗaki. Buhu na cizo ne?

Ɗalibar Likitanci:
Baba, wallahi haka mu ma muka ɗauka kafin mu shiga aji, kuma haka su kansu masana suka daɗe suna ɗauka. A 1994 ne aka gano wani sinadari mai suna leftin, a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka, wanda kitse da kansa ke fitarwa ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Daga nan aka gane cewa buhun nan yana magana. Kitse gaɓa ce mai rai, tana zuba sinadarai a jini dare da rana.

Bari in ɗauki na Yaya tunda shi ya tara mu. Lokacin da mace ke al'ada, gidan ƙwanta ke yin yawancin sinadarin istirojin, shi ke sa shimfiɗar mahaifa ta yi kauri. Bayan ƙwai ya fita sai wani sinadarin, furojestaron, ya zo ya taka masa burki, ƙarshen wata shimfiɗar ta zube. In al'ada ta ɗauke, gidan ƙwai ya rufe aiki, duka biyun su yi ƙasa. Amma a cikin kitse akwai wani ma'aikaci da ake kira aromatas, aikinsa ya kama wasu sinadarai da ke yawo a jini ya juya su su zama istirojin. Ke nan bayan ɗaukewar al'ada kitse ne babbar masana'antar istirojin a jikin mace. Mai kitse da yawa istirojin ɗinta na nan yana ta cewa shimfiɗar mahaifa "yi kauri, yi kauri", ga shi babu mai burki, babu kuma ƙarshen watan da za a zubar. Shekara da shekaru ƙwayoyin halitta na ta rabuwa, kowace rabuwa kuwa dama ce ta kuskure. Wata rana kuskuren ya zo wanda bai gyaru ba.

Shi ya sa alƙaluman IARC suka nuna mata mafi tsananin ƙiba haɗarinsu na wannan ciwon ya kai wajen ninki 7. Na mama bayan ɗaukewar al'ada shi ma ta wannan hanyar yake bi, sai dai ƙarin bai kai haka ba.

Maman Biyu:
Innalillahi. Ninki bakwai? Ƙanwata kin tsinka min zuciya. Ni ma fa ba baya ba ce wajen jiki, gidanmu duk haka muke.

Malamin Lissafi:
Maman Biyu, ki nutsu. Ninki 7 ɗin na waɗanda awonsu na BMI, wato awon nauyi gwargwadon tsayi, ya kai 40 ne zuwa sama, kuma shi ne mafi girma a jerin duka. Na ƙasan bututun abinci ya kusa ninki 5. Na ƙoda da hanta bai cika ninki 2 ba. Na babban hanji ƙarin wajen kashi 30 cikin 100 ne. Na tayirod da gidan ƙwai ɗan kaɗan ne. Ki kwatanta da taba, wadda ke ninka haɗarin ciwon daji na huhu sau 15 zuwa 30. Don haka in kin ji an ce ƙiba ta zama sabuwar taba, an yi zuzutawa. Abin da ya sa take da nauyi a lissafin ƙasashe shi ne yawan masu ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce kima, miliyan 890 daga ciki sun shiga matakin ƙiba sosai. Ƙaramin ƙarin haɗari in aka ninka shi da wannan taron ya zama babban adadi.

Kawu Direba:
To mu maza mun tsira ke nan, tunda ba mu da mahaifa. Ni dai nauyina daidai yake, tumbi ne kawai ya ɗan fito saboda zaman mota.

Ɗalibar Likitanci:
Kawu, wannan "tumbi ne kawai" ɗin shi ne inda gizo ke saƙa. Kitse iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda za ka iya mintsina a cinya ko damtse. Akwai na cikin ciki, wanda ke naɗe da hanji da hanta, shi ke turo ciki gaba ya yi tauri kamar ganga. Na biyun ya fi fitina, don abin da yake fitarwa kai tsaye yake bin jijiya ya faɗa hanta.

Abu biyu yake yi. Na farko, yana sa jiki ya daina jin maganar insulin, sai fankiriyas ta yi ta ƙara zubo shi. Insulin kuwa ba sukari kaɗai yake kula da shi ba, yana cikin masu ba ƙwayoyin halitta umarnin girma da rabuwa, shi da ɗan'uwansa da ake kira IGF-1. Na biyu, in ƙwayoyin kitse suka cika suka yi maƙil, wasunsu na mutuwa, sai sojojin jiki su zo su kewaye gawar suna ci. A madubin awo har kamar rawani suke yi mata. Wannan yana haifar da wani kumburi na ɓoye, marar zafi marar zazzaɓi, amma ba ya ƙarewa, kuma yana lahanta ƙwayoyin da ke kusa.

Akwai ma hanyoyin da ba sa bukatar dogon turanci. Teɓa na matse tumbi, ruwan tsamin ciki ya riƙa tasowa sama, wato ƙwarnafi. In ya shekara yana ƙona ƙasan bututun abinci, fatar wurin kan sauya, daga nan ciwon kan samu ƙofa. Ƙiba na kawo tsakuwa a madaciya, tsakuwar na gurzar ta. Kitse na taruwa a hanta, ta kumbura, ta yi tabo, ta ƙanƙance. Duk waɗannan babu ruwansu da namiji ko mace.

Kawu Direba:
'Yata kin ɓata min dare. Ƙwarnafin nan kuwa ina fama da shi, kullum da maganinsa a aljihun mota.

Sista Mai Jinya:
Kawu, ƙwarnafin da ya zama na kullum a kai shi ga likita, musamman in abinci ya fara tsaya maka a ƙirji. Yawanci ba wani abu ba ne, amma a duba. Ka faɗa mana tsayinka da nauyinka, ka kuma nemi tef irin na tela ka auna cikinka. Ba inda kake ɗaura bel ba, don na san ku, bel ɗin can ƙasan tumbi yake laɓewa. Tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya, bayan ka saki numfashi. Ban da shanye ciki.

Kawu Direba:
Tsayi mita 1.75, nauyi kilo 74. Cikin kuma... 99. Na auna sau uku ko zai ragu, ya ƙi.

Malamin Lissafi:
Ga darasi ya kawo kansa. BMI shi ne a raba nauyi da tsayi sau tsayi. 1.75 sau 1.75 ya ba da 3.06, a raba 74 da shi, an sami 24.2. Ƙa'idar ita ce daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai, 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama ƙiba. A wannan awon Kawu ya ci jarrabawa. Amma a awon ƙugu, namiji daga santimita 94 an fara shiga haɗari, 102 ya yi yawa. Mace daga 80, sai 88. Akwai kuma wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da hukumar tsara jiyya ta Ingila ta ɗauka a 2022: kada zagayen cikinka ya kai rabin tsayinka. Rabin 175 shi ne 87.5. Kawu yana da 99.

Shi BMI ɗin ma asalinsa ba likita ne ya ƙirƙiro shi ba. Wani masanin lissafi ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, a shekarun 1830, yana nazarin al'umma ne a dunƙule. Bai san tsoka ba bai san kitse ba, bai san inda kitsen ya zauna ba. Ɗan dambe mai murɗaɗɗen jiki zai iya fitowa a mai ƙiba, mai siraran ƙafafu da ƙaton tumbi ya fito lafiyayye. Ina alfahari da 'yan fanninmu, amma a nan tef ɗin tela ya fi mu gani.

Ɗan Adawa:
Ni fa duk wannan ban gamsu ba. Mai ƙiba galibi ba ya motsa jiki, yana shan zaƙi, wani yana shan giya. Ta ina kuka san kitsen ne ba waɗannan ba? Don an ga abu biyu tare ai ba shi ke nuna ɗaya ya haifi ɗaya ba. Kuma na taɓa karantawa cewa masu jiki sun fi sirara tsira daga ciwon daji na huhu. Sai mu ce ƙiba magani ce?

Hajiya Babba:
Yawwa ɗana, tambaye su dai.

Malamin Lissafi:
Tambaya ce ta gaske, kuma masu binciken sun sha fama da ita. Na huhun nan yana da bayani. Taba na rage cin abinci, mashaya taba sun fi zama sirara, su ne kuma ke cika layin masu ciwon huhu. Sai lissafi ya fito kamar siranta ce ke kawo shi. A binciken Birtaniyan da na ambata, da aka ware waɗanda ba su taɓa shan taba ba, wannan "kariyar" sai ta ɓace. Akwai kuma wani tarko: ciwon daji na ramar da mutum tun kafin a gano shi, sai a auna shi a rubuta siriri, alhali ciwon ne ya sirantar da shi. Shi ya sa masu bincike kan zubar da shekarun farko na bibiya.

Game da ko kitsen ne da kansa, hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta gado. Akwai mutanen da aka haifa da ƙwayoyin gado masu karkata su ga ƙiba. Wannan rabo ne tun daga ciki, bai san ko za ka sha giya ko za ka yi gudu ba. Da aka bi irin waɗannan mutane aka ga su ma ciwon daji na mahaifa, ƙoda, hanji da bututun abinci ya fi yawa a cikinsu.

Ɗalibar Likitanci:
Amma don adalci ga Ɗan Adawa, akwai wurin da abin ya juya da gaske. Ciwon daji na mama kafin ɗaukewar al'ada ya ɗan fi ƙaranci a mata masu jiki. An ga haka a bincike da yawa. Bayan al'ada ta ɗauke sai lamarin ya kife. Ba dalilin tara jiki ba ne, tunda yawancin ciwon mama bayan shekara 50 yake zuwa, kuma kitsen da aka tara a ƙuruciya ba ya yin sallama ranar da al'ada ta tafi.

Ɗan Adawa:
To na ji. Amma a wani wuri na ga an ce kashi 40 cikin 100 na ciwon daji ƙiba ce. Wannan ai ƙarya ce tsagwaronta.

Malamin Lissafi:
An karanta shi a karkace ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce nau'o'in nan 13 su ne kashi 40 cikin 100 na duk ciwon dajin da aka gano a ƙasar a 2014. Ba ta ce ƙiba ce ta jawo su duka ba, siriri ma na kamuwa da su. Wanda aka ɗora wa ƙiba kai tsaye ya yi ƙasa da haka nesa. A duniya baki ɗaya an ƙiyasta kashi 3.6 cikin 100 na sabbin kamuwa a 2012, wajen mutum 481,000. A Birtaniya ya ɗan haura 1 cikin 20, shi ne na biyu bayan taba a cikin abubuwan da za a iya kauce wa.

Auta:
Ni kuma wata ƙawata ta ce sukari ne abincin ciwon daji, in ka daina sha gaba ɗaya yunwa za ta kashe shi. Maman Biyu ko za a gwada wa Yaya?

Sista Mai Jinya:
A'a, Auta, don Allah a'a. Gaskiya ne ƙwayoyin ciwon daji na zuƙar sukarin jini da haɗama, wani Bajamushe Otto Warburg ya lura da haka tun shekarun 1920. Amma ƙwaƙwalwarki ma da shi take aiki, kuma ko ba ki sa zaƙi a baki ba hanta za ta haɗa shi ta zuba a jini. Ba a iya hana ciwon ci a bar mai ciwon. Laifin zaƙi, musamman na sha, shi ne yana tara kitse ba tare da an ji ƙoshi ba.

Maman Biyu, wannan ne ma ya fi damuna a labarinki, cewa Yaya ta daina cin abinci. Mai shirin shiga tiyata ƙarfi take bukata. Na ga mata da yawa a gadon asibiti, wadda ta shigo da ƙarfinta ita ke riga tashi, ɗinkinta ya riga kamewa. Yunwar da take yi wa kanta yanzu tsoka za ta cinye, ba za ta mayar da hannun agogo baya ba. Maganar rage jiki a bar ta sai an gama jiyya, kuma da shawarar masu duba ta.

Ki kuma gaya mata wannan daga bakina: jinin da ta ji kunyarsa shi ne ya cece ta. Wajen mata 9 cikin 10 masu wannan ciwon da jini yake fara nuna kansa, shi ya sa ake yawan kama shi da wuri. In bai fita daga mahaifa ba, a alƙaluman Amurka wajen 95 cikin 100 na nan da ransu bayan shekara biyar. Sauran mata da ke karantawa, duk jinin da ya zo bayan an shekara ba al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, a je a duba. Yawancinsa ba ciwon daji ba ne, kusan 1 cikin 10 ne ke zama shi, amma ba a ganewa daga gida.

Hajiya Babba:
Duk na ji ku. Amma ku faɗa min gaskiya, wanda ya riga ya tara, in ya rage yana da amfani? Ko aikin gama ya gama? Don ni na yi ta fama, in sauke kilo biyar in ɗauki bakwai. Kuma kada wanda ya ce min rashin ƙoƙari ne, na san abin da na sha.

Ɗalibar Likitanci:
Hajiya, ba rashin ƙoƙari ba ne. In aka rage nauyi, leftin ɗin nan na faɗuwa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga, ta ƙara yunwa ta rage ƙona abinci. Jiki da kansa ke ja da ke. Ga gado, ga wasu magunguna masu sa ƙiba, ga rashin barci, ga haihuwa.

Amfani kuwa akwai alamarsa. Mafi ƙarfin hujja daga waɗanda aka yi wa tiyatar rage girman tumbin abinci ta fito, don su ne ke sauke nauyi mai yawa ya kuma zauna. A 2022 mujallar JAMA ta buga binciken asibitin Cleveland Clinic na Amurka a kan mutum wajen 30,000 masu tsananin ƙiba, 5,000 da 'yan kai an yi musu tiyatar. Cikin shekara 10, kashi 2.9 cikin 100 na masu tiyata suka kamu da nau'o'in da ke da alaƙa da ƙiba, waɗanda ba a yi wa ba kashi 4.9. Wani daɗaɗɗen bincike a Suwidin shi ma ya ga raguwa, amma a mata ya gan ta, bai gan ta a maza ba. Ba tare da tiyata ba, wani babban bincike na matan Amurka da al'ada ta ɗauke musu ya nuna waɗanda suka sauke kashi 5 cikin 100 na nauyinsu ko fiye, ciwon cikin mahaifa ya yi ƙasa a cikinsu da kusan kashi 30. Ga mai kilo 90, kilo huɗu da rabi ke nan, ba wai sai ta koma budurwa ba.

Kawu Direba:
Allurar nan ta rage jiki da ake ta yayi fa?

Sista Mai Jinya:
Irin su Ozempic da Wegovy kake nufi. Suna rage nauyi da gaske, amma ba su daɗe a hannun jama'a ba, ciwon daji kuwa shekaru yake ɗauka, don haka babu hukumar da ta amince da su a matsayin rigakafinsa. Ba a kuma ba wanda ke da tarihin wani nau'in ciwon daji na tayirod a danginsa. Magani ne na likita, ba na "ƙawata ta gwada" ba.

Kai dai Kawu ka fara da ƙafa. Minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya mai ɗan sa haki, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Kitsen cikin ciki yana saurin amsa motsi, sau da yawa tef zai nuna sauyi kafin sikeli ya nuna. Motsin kansa ma yana rage haɗarin na hanji da mama da mahaifa ko nauyi bai sauka ba.

Sai gargaɗi ɗaya, tunda muna ta yabon rama. Wanda ya ga yana zubewa haka kawai, bai sauya ci ba bai ƙara motsi ba, wando na faɗuwa, wannan ba abin murna ba ne. Asibiti zai nufa.

Baba Mai Ritaya:
To ni dai na sauko daga kan buhuna, tunda an ce yana magana. Amma likitan nan har yanzu ina riƙe da shi. Da ni ne a wurin da na ce masa, ɗana, ilimi daban, iya magana daban.

Ɗan Adawa:
A nan dai ni da Baba layinmu ɗaya. Kuma irin wannan kallon ne ke sa masu jiki gudun asibiti, su ƙi zuwa awo sai abu ya yi nisa, sannan a dawo a ce ƙiba ce ta kashe su. Wani kason na lissafin Malam ba kitse ba ne, wulaƙanci ne.

Malamin Lissafi:
Ban musa ba. An yi bincike a kai, mata masu ƙiba sun fi jinkirta zuwa awon mama da na bakin mahaifa. Sai dai wannan yana bayanin jinkirin ganowa ne da yawan mutuwa, ba ya bayanin yawan kamuwa. Za mu iya ci gaba da wannan gobe, yanzu takardun yara na gabana ban maka ko ɗaya ba.

Mai Kula da Zaure:
Na goge saƙo biyu na masu tallan maganin narka teɓa cikin kwana bakwai. Wanda ya sake zan fitar da shi.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Yanzu na dawo daga wajen Yaya. Na karanta mata saƙon Sista tun daga "jinin da ta ji kunyarsa" har ƙarshe, ta sa na maimaita wurin 95 ɗin sau biyu. Ba ta ce komai ba, amma da na miƙa mata kwano ta karɓa, ta ci kusan rabi. Ranar Talata za a shiga da ita tiyata, ku sa ta a addu'a.

Na kuma ari tef wajen maƙwabciyata. Tsayina 160, cikina 97. Malam ba sai ka lissafa ba, na gani da idona. Sista, ni shekaruna 44, al'adata ba ta ɗauke ba amma ta rikice, wani watan biyu wani watan babu, kuma in ta zo tana yawa. Wannan ma na zuwa asibiti ne, ko in bari sai an gama da Yaya?

Sista Mai Jinya:
Na zuwa ne. Tunda Talata kina asibitin, ki yanki kati da safe kafin a shiga da ita. Ki rubuto ranakun watanni shidan da suka wuce a takarda, ki kuma gaya musu abin da aka samu a jikin yayarki.